Kalangun Da Ya Tsage A Hanyar Jidda

Akwai wata la'asar da na yi a cikin bas a bakin hanyar Jidda, wadda ko tsufa ya kai ni ga rikita sunayen jikokina ba na jin za ta fita daga raina. Shekaru sun ɗan ja tun da abin ya faru, amma har yau in na zo wucewa ta gaban gidan man da na tsaya ranar sai ƙafata ta sassauta da kanta, fasinjoji su yi tsammanin tsayawa zan yi.

Ni direba ne a Makka. Ina zaune a unguwar Mansur da matata da yaranmu, aikina kuwa jigilar alhazai ne, daga tashar Kudai zuwa Harami, daga Harami zuwa Kudai, in lokacin Hajji ya zo a ƙara mana da Mina da Arfa. Duk wanda ya san ni a nan da sitiyari ya san ni. Amma kafin sitiyari, kalangu ne a hammatata. A Jos aka haife ni, gidanmu gidan makaɗan mahauta ne, tun kalangu yana rinjayata nake bin mahaifina mayanka da gidajen biki. Abin da maƙwabtana ba su sani ba, ba don na ɓoye ba sai don ba wanda ya taɓa tambaya, shi ne na yi shekaru ina yi wa wata ƙungiyar mawaƙan Kirista kiɗa.

Ba ƙungiyar yara masu neman suna ba ce. Su huɗu ne, kuma kowannensu ya riga ya yi suna, yana da tasa ƙungiyar da nasa yaran da kaset ɗinsa a kasuwa. Akwai wata mata 'yar Jos wadda in ta ɗaga murya ba ta buƙatar lasifika. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini ƙanena. Akwai mai jitar lantarki daga kudancin Kaduna, ɗan gayu ne mai son a kalle shi. Akwai mai molo daga wajen Numan, wanda ya tsufa tun yana saurayi, ba ya dariya sai wani ya yi kuskure. Sai wani dogo daga Kaltungo mai kaɗa babbar jita. Shi ba ya gardama da baki, in ransa ya ɓaci sai ya jingine jitar ya fita.

Haɗuwarsu ma ba shiri ba ce. Wani babban taron godiyar kaka aka gayyace su, kowa da lokacinsa, sai ruwan sama ya cinye rabin yinin. Masu taron suka ga in aka bi layi ba za a gama ba, suka roƙe su su hau dandamali tare su yi waƙa biyu a tashi. Abin da ya fito ranar ya ba kowa mamaki har su kansu. Kiɗan jita ne mai ƙarfi irin na Turawa aka ɗora a kan molo da salon waƙar ƙauye, Yaya tana yabon Ubangiji da Hausa a samansa. Tsofaffi suka ji abin da suka sani, samari suka ji abin da suke so. Wani mai ɗakin ɗaukar waƙa ya bi su har masauki, bai bar su sun huta ba sai da suka yarda za su yi kaset tare.

Mai molo ne ya ce kiɗan da sauransa, yana son kalangu a ƙasa, kuma shi ya zo har mayanka ya same ni. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya ce sana'a sana'a ce, amma da sharaɗi. Ba zan yi kiɗa a cikin coci lokacin ibadarsu ba, sai a fili ko zauren taro, kuma in an kira salla a sake ni. Suka yarda, kuma ban taɓa ganin sun saɓa ba. Sau da yawa ma Yaya ce take duba agogo ta ce in tashi, lokacinmu ya yi.

Wahalar tara shugabanni a ɗaki ɗaya ita ce ba mabiyi. Kowannensu a ƙungiyarsa shi ke ɗaga hannu a fara waƙa, ba a taɓa ɗaga masa ba. Ranar da na fara zuwa gwaji na same su sun daɗe a kan waƙa ɗaya ba a ko shiga ba. Mai jita ya ƙirga, mai molo ya ce ya yi sauri. Mai molo ya shiga, Yaya ta ce ya kai ta inda muryarta ba ta so. Dogon ya riga ya fara kallon ƙofa. Ni kuwa na gaji da zama, hannuna yana ƙaiƙayi, sai na buga 'yar sharar fagen da mahaifina yake yi kafin ya shiga taken mahauta, don kawai in ji ko fatar ta ɗame. Kafin in ɗago kai duk sun shiga tare. Daga ranar haka ake fara kowace waƙa. Ba wanda ya zauna ya yanke hakan, ni ma ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Mun yi yawo, Kafanchan, Gombe, Yola, har Zuru, a cikin wata tsohuwar mota da sai an tura take tashi. Mun yi kaset biyu, duka sun shiga. A bangon kaset hotonsu ne su huɗu, ni sunana yana can ƙasa da ƙananan haruffa, kuma wallahi bai dame ni ba, don a ganina ɗan haya ne ni. Muna cikin aikin kaset na uku na sami kujerar Hajji. Akwai wata waƙa da Yaya ta yi bayan rasuwar mahaifiyarta, a kan matafiyin da ya iso gida da yamma ya tarar an ajiye masa ruwa. Mun gwada ta har ta zauna, saura ɗauka. Na ce musu su jira ni, wata biyu ne na dawo. Sai na zo nan na sami aiki, aiki ya kawo takarda, takarda ta kawo aure, aure ya kawo yara. Daga baya labari ya iso ni cewa ƙungiyar ta watse, kaset na uku bai fito ba. Na ce dama ai da wuya, manya huɗu a tukunya ɗaya. Ban taɓa kawo kaina cikin lissafin ba.

Shekara ashirin da wani abu suka wuce. A shekarar da nake ba ku labari, Hajji ya faɗo cikin zafin da ko tsofaffin Mansur suna ƙorafi. Wanda bai taɓa tuƙa alhazai a ranakun Mina ba bai san gajiya ba. Za ka zauna a kan kujera har ƙafarka ta manta da ƙasa, motar tana tafiya taku ɗaya tana tsayawa, wannan tsohuwa ta ɓata, wancan ya bar takalminsa a Muzdalifa yana so a koma. In an gama kuma ba hutu, sai a shiga kwasar mutane zuwa filin jirgin Jidda da jarkokin zamzam da akwatunan da ba sa rufuwa. Bayana ya riƙe, idanuna kamar an zuba yashi. Abin da nake so a duniya a lokacin shi ne a ba ni yini ɗaya in kwanta kada kowa ya kira sunana.

A cikin wannan hali waya ta shigo da lambar Saudiyya da ban sani ba. Na ɗauka a fusace, ina tsammanin wani jagoran alhazai ne. Sai na ji an ce, "Ɗan mahauta, har yanzu kana da rai?" Mutum ɗaya ne a duniya yake kirana haka, mai jita. Ashe 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce a Ɗa'ifa, ta haihu, ya zo ganin jika, kuma a wurin wani direba ɗan Jos ya sami lambata. Muka yi gaisuwa, muka yi dariyar tsufa, sannan muryarsa ta sauka. Ya ce Yaya ba ta da lafiya, ciwo ne a maƙogwaro, likitoci sun ce sai an yi aiki, kuma in an yi aikin muryar ta tafi ke nan, ko magana sai da wahala. Kafin ƙarshen makon za a shiga da ita. Abu ɗaya ta roƙa, a yi waƙar matafiyin nan sau ɗaya, mu biyar, tun tana da abin yi da ita. Mai molo da Dogon suna Jos, za su je gidanta. Shi da ni sai ta waya.

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin da ya fara zuwa raina gajiya ce, ba tausayi ba. Na ce masa ba ni da kalangu, rabona da shi tun ina da gashi, kuma kamfani ba zai ba ni yini in hau Ɗa'ifa ba. Ya ce shi kuma ai na san ba zai shigo Makka ba. Na sani mana. Kullum ina wuce allon nan na hanyar Jidda da yake nuna wa waɗanda ba Musulmi ba su ratse su kewaye gari, ban taɓa kallonsa sau biyu ba, don ban taɓa sanin wani da allon yake magana da shi ba. Ya ce 'yarsa za ta iya sauko da shi ta hanyar kewaye, mu haɗu a gidan man da ke gaba da shingen bincike ta ɓangaren Jidda, in na dawo daga Jidda ba fasinja. Na ce zan duba, irin zan duban da mu duka muka san ma'anarsa.

Matata haifaffiyar Makka ce. Kakanninta da ƙafa suka zo ta Chadi da Sudan, Hausarta rabi Larabci ce. Ta san na taɓa kiɗa, amma ba ta san da su wa ba sai ranar. Na ba ta labarin ina kwance tana taka mini baya, ina jiran ta ce in huta. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ya Abban yara, gajiyar nan taka gobe ma tana nan, jibi ma tana nan. Muryar matar nan ce ba ta nan. Halas, magana ta ƙare, ka tashi." Na ce ina zan sami kalangu a garin nan. Ta ce in bar mata wannan.

Washegari ta kai ni wurin goggonta a can cikin lungun Mansur, tsohuwar da ta yi zamaninta tana yi wa mata kiɗan biki. A ɗakin ajiyarta, bayan tsofaffin darduma da tukwane, akwai kalangun mahaifinta, wanda ya rataya tun daga ƙasar Hausa ya ratsa hamada da shi. Ta ce tun da ya rasu ba wanda ya buga, ita kayan kiɗanta daban ne. Na karɓa na juya shi ina dubawa. Icen lafiya lau, amma fatar ta bushe ƙamas, tsirkiyar ta yi tauri, zafin Makka ya sha su shekara da shekaru. Na gaya mata gaskiya cewa in na matsa shi zai iya lalacewa. Ta dube ni ta ce in dai ba sayarwa zan yi ba in ɗauka. Na shafa masa man shanu, na naɗe shi da tsumma mai ɗan laima, na sa a ƙarƙashin kujerata a bas.

Kwanakin da suka rage ban sami inda zan gwada shi ba, kuma ina tsoron in gwada ya mutu tun kafin ranar. Sai na koma buga sitiyari da yatsu a duk inda danja ta tsayar da ni. A tsakiyar waƙar akwai wurin da kowa yake yin shiru, Yaya ta yi kira kalangu ya amsa mata, ta yi kira ya amsa. Wurin nan shi ne abin alfaharina a da, kuma shi ya hana ni sukuni. Yatsuna sun yi nauyi, kafaɗata ta saba da juya mota ba matsa tsirkiya ba. Na riƙa ganin kaina ina ɓata wa mace waƙarta ta ƙarshe. Wani alhaji da ke zaune a bayana ya ga ina ta ƙwanƙwasa sitiyari ina motsa baki, ya ce Allah ya karɓa, yana tsammanin tasbihi nake yi.

Ranar na sauke alhazai a filin jirgi, na juyo, na yi sallar la'asar a masallacin gidan man, na koma bas na bar na'urar sanyi a kunne. Can sai ga wata ƙaramar mota ta tsaya, wani tsoho ya fito yana jan ƙafa, da jita a baya. Da a kasuwa na gan shi da na wuce. Ɗan gayun nan ya rame, kansa ya yi fari fat, amma hular tana nan a karkace yadda ya saba. Muka rungume juna a bakin ƙofar bas, iska mai zafi tana dukanmu. 'Yarsa ta gaishe ni ta ce za ta jira a inuwa da jaririn. Ya hau ya zauna a kujerar farko ta alhazai, ya dubi hanyar da ta miƙe zuwa Makka, ya ce ashe nan ne iyakarsa. Na ce nan ne. Ya ce to ai ba laifi, an ajiye mana wurin zama a bakin ƙofa.

Muna jiran na Jos su shirya, na tambaye shi abin da ban taɓa tambayar kowa ba, me ya raba su. Na ce na san dai girman kai ne. Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba, ya ce girman kai yana nan tun ina nan, amma bai raba su ba. Ya ce da wata biyuna suka cika suka ƙara jira, da suka ga ba ni da niyya suka nemi wani makaɗi. Shi ya kawo wani yaro daga cocinsu, gwani ne, ya ma fi ni hannu. Yaron ya buga sharar fage, mai molo ya ƙi shiga, ya ce wannan ai mai jita ne yake ɗaga masa hannu ta bayan gida. Mai molo ya kawo nasa daga Numan, Yaya ta ce ba za ta bi kiɗan da aka koya a ɗakin wani ba. Dogon ya kawo ɗan ƙanwarsa, aka yi masa haka. Duk wanda aka kawo na wani ne.

"Kai ba na kowa ba ne," ya ce. "Ba cocinmu ɗaya ba, ba garinmu ɗaya ba, ba ka neman kujerar kowa. In ka buga, ba wanda ya bi wani. Da ka tafi, waƙoƙin suna nan, hannuwan suna nan, wanda zai ce a fara ne babu."

Shekara ashirin ina ba kaina labarin cewa ɗan haya ne ya tafi aka ɗauki wani. Na ji haushi, na ce me ya hana su gaya mini. Ya ce wa zai buɗe baki a cikinsu ya yarda cewa manya huɗu sun kasa fara waƙa. Ya ƙara da cewa su kansu sai da suka tsufa suka gane.

Wayarsa ta yi ƙara, kiran bidiyo ne daga Jos, ya jingine ta a gaban gilashi. Sai ga Yaya zaune a kan kujera an tokare ta da matasai, ta ɗaura ɗankwalinta na fita. Ta rame har sai da na kau da kai. Mai molo yana gefe guda fuska a ɗaure kamar jiya muka rabu, Dogon yana ɗaya gefen, ya ranƙwafa. Ta ɗaga mini hannu kawai, don likita ya ce ta adana muryar, abin da ya rage bai wuce na waƙa ɗaya ba. Na ce, "Yaya, sannu." Ta gyaɗa kai tana murmushi.

Sai kuma abin da na manta da shi ya dawo sabo. Mai jita ya ɗan taɓa jita ya ce a sauke waƙar ƙasa don a sauƙaƙa mata. Mai molo ya ce ba a taɓa yin ta a can ba, kuma molonsa ba ya sauka. Mai jita ya ce to shi zai shiga su biyo. Mai molo ya ce wanda yake Saudiyya ba zai ja wanda yake zaune kusa da mai waƙa ba. Ga waya tana jinkiri, kowa yana jin maganar ɗan'uwansa bayan ta wuce, sai su yi magana tare su yi shiru tare. Na ga Dogon ya fara jingine jitarsa. Na ga Yaya ta buɗe baki za ta raba su, ta yi tari, ta dafe wuya. Tsofaffi masu jikoki, mace tana shirin rasa muryarta a gabansu, suna gardamar da suka bari tun ina saurayi. Gajiyar Mina da ta Jidda da ta shekarun nan duka ta taru ta sauko mini a kafaɗa. Na ji kamar in kashe motar in sauka.

Ban san lokacin da na warware tsumman ba. Na sa kalangun a hammata, na ɗauki makaɗi, ban ce wa kowa ya shirya ba. Na buga sharar fagen mahaifina. Tsohon kalangun ya yi magana da wata murya mai kaushi, amma ya yi. Ina kaiwa bugun ƙarshe na matsa tsirkiya don in ɗaga sautin, sai na ji ƙarar tsagewa a ƙarƙashin hannuna. Fatar ta rabe daga baki zuwa baki.

Amma sun riga sun shiga. Molo da babbar jita daga Jos, jita a gefena, duk a tare gwargwadon abin da waya ta bari. Yaya ta ɗauko waƙar. Ba muryar da na sani ba ce, ta yi siriri, tana karcewa a sama, amma kowace kalma ta fito. Na zauna da mataccen kalangu a cinya, motocin dakon kaya suna wucewa ta taga, ina sauraron matafiyi yana isowa gida. Kiɗan ba daidai yake ba, na Jos suna gaba mai jita yana bin su a baya, kuma a karon farko a rayuwarsa bai damu da cewa shi ke bi ba. Da aka zo wurin kira da amsa, wurin da na kwana ina tsoro, ta yi kira, ba kalangun da zai amsa. Ta jira daidai tsawon amsar, kamar tana jin ta, sannan ta yi kira na biyu. Haka ta bar mini gurbina har ƙarshe. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Da aka gama ba wanda ya tafa. Mai molo ya sunkuyar da kai yana goge ido da bakin riga. Na ɗaga kalangun na nuna mata tsagar, na ce ta yafe mini, ban kai ta ko'ina ba. Ta jawo wayar kusa da bakinta, da raɗa ta ce, "Ƙanena, ai ka kai mu. Abin da muke jira ke nan tun da ka tafi." Daga nan 'yarta ta karɓe wayar ta ce ya isa haka.

Ni da mai jita ba mu daɗe ba, ana kirana daga Kudai akwai wasu alhazan suna jira. Ya shiga motar 'yarsa suka ratse ta hanyarsu, ni na miƙe ta tawa na wuce shingen. Ban sake ganinsa ido da ido ba. Da na kai wa goggo kalangun ina ta shirya kalaman ban haƙuri, ta juya shi ta dubi tsagar, ta tambaye ni ko ya yi magana kafin ya tsage. Na ce ya yi. Ta ce, "Ma'alesh, ya waladi, ba komai ɗana. Shekarun da ya yi a bayan darduma ai ba magana yake yi ba." Ta mayar da shi inda yake.

An yi wa Yaya aiki, ta tashi, muryar kuwa ta tafi kamar yadda aka ce. Bayan wasu makonni ina zaune a Kudai ina jiran layi sai saƙon murya ya shigo daga lambarta. Na yi mamaki, na sa a kunne. Ba magana a ciki. Yatsu ne a kan tebur, suna buga sharar fagen mahaifina, daidai, har da ɗan jinkirin da yake yi kafin bugun ƙarshe. Na buga mata ita a kan sitiyari na aika. Tun daga ranar haka muke gaisawa, in salla ta zo ta aiko mini, in Kirsimeti ta zo in aika mata.

Har yanzu ina gajiya, bayana bai saki ba, kuma in an kira ni a lokacin hutu raina yana ɓaci kamar da. Amma wannan la'asar ta koya mini kada mutum ya yanke wa kansa hukunci cewa wurinsa a cikin mutane ƙarami ne, ya tashi ya tafi yana cewa za a sami wani. Ni na ɗauka gwaninta suke nema a wurina, ashe ɗan bugun da ban ɗauke shi a bakin komai ba shi ya riƙe su. Yanzu in wanda muka taɓa zama tare ya kira, ko na gaji ina tashi, don na ga yadda saura kaɗan in yi ta cewa zan duba har muryar ta tafi.